Fanka bakwai amma kwamfuta na ta zafi: yadda aka gyara hanyar iska a wani shagon bidiyo a Nima

Shagon yana cikin Nima, wata unguwa a Accra, 'yan taku kaɗan daga babban titi. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, ba esi, sai fankar sama guda. Aikinsu haɗa bidiyon aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani, kuma kwamfuta ɗaya ce ke ɗauke da nauyin duka: firosesa Ryzen 7 5800X da hitsink (ƙarfen nan mai haƙora da ke kwashe zafin firosesa) irin mai tsaye, katin hoto RTX 3060, ƙaramin faifan NVMe da Windows ke kai, da manyan faifai biyu masu juyawa inda ake tara bidiyon jama'a. Akwatin irin na yayi ne, gilashi a gefe, gilashi a gaba, fankoki masu fitila suna canza launi.

A watan Fabrairu, lokacin da hazo bai gama wucewa ba kuma zafin Accra ya fara tsananta, abubuwa uku suka taso tare. Bidiyon da a da ake fitarwa kafin a dawo daga sallar La'asar ya koma kaiwa kusan Magariba. Ƙarar injin ta ƙaru har sai an ɗaga murya a shagon. Sannan, sau ɗaya ko biyu a mako, kwamfutar takan ɗauke ɗif ana tsakar aiki. Mai shagon ya yi abin da mutane da yawa za su yi: akwatin ya zo da fanka huɗu, uku a gaba ɗaya a baya, sai ya sayo uku ya sa aka jera a sama. Suka zama bakwai. Babu abin da ya sauya sai ƙara.

Da mai gyara ya zo, abin da Alhaji mai shagon ya fara tambaya shi ne, "Malam, ko dai ƙaro wasu za a yi?" Amsar da aka ba shi ita ce a bari a auna tukuna, domin ba a san ma ko bakwai ɗin nan suna tura iska inda ake bukata ba.

Abin da aka tarar

Kwamfutar na zaune a ƙasa, cikin wani gurbi na teburin katako da kafinta ya yi mata, rufe ta hagu da dama, bayanta kusan manne da bango. An ɗora ma'aunin zafi na ɗaki a kan tebur, ya nuna digiri 33. An sauke shi gaban akwatin cikin gurbin bayan rabin awa ana aiki, ya nuna 38. Wato tun kafin iska ta shiga injin ta riga ta ɗauki digiri 5 na banza, saboda iskar da ta fita ta baya ba ta da wurin zuwa, sai ta zagayo ta sake shiga ta gaba.

Wannan batu na zafin ɗaki shi ne farkon abin da ya kamata mai kwamfuta a Accra ya riƙe. Fanka ba ta sanyaya iska, sauya ta kawai take yi. Duk gwajin da ake gani a intanet daga Turai ko Amurka, yawanci a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 ake yin sa. Idan can an ce katin hoto ya tsaya a 65, a shagon da ke 33 sai a sa ran 75 ko fiye, ko da komai na akwatin daidai yake. Saboda haka lambar da ta fi amfani ita ce tazarar da ke tsakanin zafin injin da zafin ɗaki. Wanda ya auna da safe ya sake aunawa da rana bai rubuta zafin ɗaki ba, kansa kawai zai rikita.

An buɗe HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafin kowane sashe na kwamfuta, aka sa kwamfutar ta fitar da wani bidiyon aure mai tsawo, irin aikin da ke wahalar da firosesa da katin hoto lokaci ɗaya. Cikin minti goma firosesa ta kai 90 ta tsaya cak. Wannan ba daidaituwa ba ce: 90 ita ce iyakar da AMD ta sa wa 5800X, idan ta kai nan sai ta riƙa rage gudunta da kanta don kada ta wuce. An tsara ta ta iya jan wuta har wat 142, amma a nan tana ta yawo kusa da 105. Ga dalilin jinkirin bidiyo. Katin hoto ya tsaya a 83, wurin da shi ma yake fara ja da baya, fankokinsa biyu na ihu, kuma su ne mafi yawan ƙarar da ake ji. Faifan ajiya ɗaya ya nuna 52. Yawancin irin waɗannan faifai iyakarsu 60 ce, kuma abin da ke cikinsu bikin mutane ne da ba za a sake yi ba, don haka wannan lambar ta fi sauran tayar da hankali.

Daga nan aka kunna turaren tsinke. Babu kayan aikin da ya fi shi arha wajen ganin inda iska take bi. An riƙe shi kusa da gefen gilashin gaba, inda 'yan ramukan shigar iska suke, faɗinsu bai kai na ɗan yatsa ba. A sama da tsakiya hayaƙin ya ɗan karkata ciki da ƙyar. A ƙasa kuwa turo shi waje aka yi. Da aka kai turaren bayan akwatin, wajen ramukan da ke ƙarƙashin katin hoto, sai ga hayaƙi na shigewa ciki da sauri kamar ana zuƙa da tsinken lemo. Haka ma ta kowace tsaga ta murfin gefe.

Fassarar wannan a fili take. Fankar gaba ta ƙasa ta taɓa mutuwa, yaron shago ya canza ta, ya juya ta baibai saboda ta haka fitilarta ta fi kyan gani daga ciki. Ke nan biyu ne kawai ke jawo iska, su ma a bayan gilashi suke numfashi, biyar kuma na fitarwa. Akwatin da fitarwa ta fi shigarwa yawa sai ya nemi cikon iska ta duk inda ya samu, kuma waɗannan wurare ba su da rariya. Shi ya sa da aka buɗe murfin aka ga ƙura ta yi dam a haƙoran hitsink kamar bargo. Ba busasshiyar ƙura ba ce da za a hure ta tashi. Ƙurar titi ta haɗu da laimar teku da hayaƙin mai cicinga, wato tsire, da ke gasawa kusa da ƙofar shagon kowace yamma, ta zama wani abu mai danƙo, ruwan toka, da sai an sa buroshi.

Fankokin saman da aka ƙaro su ma sun yi ɓarna ta wata hanya. Ta gaba-gaba cikinsu tana zaune daidai saman fankar gaba ta sama. 'Yar iskar da ta samu shigowa, kafin ta yi tafiyar taƙi ɗaya an zuƙe ta an fitar, ba ta taɓa firosesa ba balle katin hoto. Ta tsakiya kuma tana fizgar iska daga bakin fankar hitsink.

Batun ɗaukewa daban ne

Firosesa da katin hoto na wannan zamani ba kasafai suke kashe kwamfuta saboda zafi ba, rage gudu suke yi. A shagon an ɗora laifin a kan wutar lantarki, abin da kowa zai fara zato a garin da ya sha dumso, wato yawan ɗauke wuta. Amma yaron shagon ya tabbatar cewa duk lokacin da abin ya faru fankar saman ɗakin na ci gaba da juyawa, allon ma bai mutu ba. Da aka kai hannu bayan fawa saflai, ɗan akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ana cikin aiki, ƙarfen ya yi zafin da ba a iya barin hannu a kai, iskar da ke fitowa kuma kamar babu. A irin wannan akwati fankar fawa saflai ƙasa take kallo, tana shaƙa ta wata 'yar rariya da ake zarowa ta baya ko ta ƙasa. Ba wanda ya san da ita a shagon. Da aka zaro ta ba a ganin haske ta cikinta. Fawa saflai mai kyau yana da kariyar da ke yanke wuta idan cikinsa ya yi zafi fiye da kima, kuma alamu duka sun nuna ita ce ke aiki. Ba a buɗe shi ba, kuma kada kowa ya buɗe: akwai kafasita a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya. Wanke rariyar aka yi, aka hura ta waje.

Gwaji ɗaya bayan ɗaya

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, an share ƙurar, sannan aka maimaita fitar da bidiyon nan sau uku, kowane karo abu ɗaya kawai aka sauya. Wanda ya sauya abu uku lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Da aka fito da akwatin daga gurbi aka ɗora kan tebur, katin hoto ya sauko 79. Firosesa na nan a 90, amma wutar da take ja ta haura 120, wato ta samu sarari. A irin wannan hali ba lambar zafi ake kallo ba, gudu da wat ake kallo, domin za ta cinye duk sanyin da aka ba ta ta mayar da shi aiki har sai ta kai iyakar wutarta. Da aka cire murfin gefe, katin hoto ya zo 71, firosesa 86. Wannan shi ne gwajin da ke raba gardama: idan cire murfi ya sauke zafi da digiri 5 ko fiye, matsalar ta iskar akwati ce. Idan bai sauya komai ba, a koma kan hitsink, ko man da ke tsakaninsa da firosesa ya bushe, ko bai ɗauru da kyau ba. Da aka mayar da murfin gefe aka ɓalle gilashin gaba, sakamakon ya yi kusa da na buɗaɗɗen gefe: 73 da 87. Gilashin gaba shi ne maƙogwaron da aka shaƙe.

Nawa ne iskar da ake bukata

Ana iya lissafa wannan, ba sai an yi ta zato ba. Firosesa wat 142, katin hoto wat 170, madabod (babban allon da duk sassan ke jone a kai) da faifai da sauran tarkace a ce 40. Jimla kusan wat 350 na zafi da dole iska ta kwashe. A wuri mai daidai da bakin teku irin Accra, ana ninka wat da 1.76 a raba da yawan digirin da aka yarda iska ta ƙaru da shi tsakanin shiga da fita, sai a samu CFM, ma'aunin yawan iska da ake rubutawa a kwalin fanka. Idan an yarda da ƙarin digiri 10, ana bukatar CFM 62. Idan ana son 5 kawai, kusan 123. A ɗakin da ya riga ya kai 33, digiri 10 ya yi yawa, don haka aka nufi tsakanin 90 da 120.

Sai dai lambar da ke kan kwali ta fankar da ke juyawa a fili ce, babu komai gabanta ko bayanta. Da zarar an sa mata rariya da ƙarfe mai huji-huji, abin da take turawa yakan ragu sosai. Nan ne lamba ta biyu take shigowa, ƙarfin turawa, wanda ake rubutawa da mmH2O. Fankar da ganyenta ƙanana ne masu tazara tana kaɗa iska da kyau a fili, amma ta gamu da rariya sai iskar ta riƙa komawa ta tsakanin ganyen. Mai faffaɗan ganye da suka kusa rufe juna ita ce ke iya tura iska ta ratsa. A ƙasar da ba a iya zama babu rariya, fankar gaba dole ta zama irin ta biyun. Misali Arctic P12, mai milimita 120, an rubuta mata juyi 1800 a minti, CFM 56 da mmH2O 2.2. Noctua NF-A12x25 ta fi ta laushin murya a gudu ɗaya, amma kuɗin guda zai sayi P12 da yawa, kuma a shagon da ke kallon titin Nima bambancin muryar ba zai kai kunne ba. P12 aka zaɓa, guda uku.

An so a sa masu milimita 140, domin babbar fanka na tura iska ɗaya a ƙaramin gudu, ƙara kuma ta ragu. Akwatin bai karɓa ba. Kafin a tafi sayayya Tip Toe Lane, kasuwar kayan lantarki da ke Circle, a auna tazarar ramukan sukuru: milimita 105 na fankar 120 ne, kusan 125 na ta 140. A duba kauri ma, yawanci milimita 25 ne, a tabbata dogon katin hoto ba zai tokare ta ba.

Abu na uku da ake raina shi ne boris, wato wurin da sandar fanka ke juyawa. Fankokin da suka zo da akwatin da waɗanda aka ƙaro masu arha ne, irin da sandar ke juyawa cikin hannun riga da ɗan mai. Zafi na busar da man, ƙura na shiga, kuma sun fi saurin lalacewa idan an kwantar da su, kamar a saman akwati. Biyu daga cikin na saman nan, watanni kaɗan da saye, sun riga sun fara gurnani idan aka kunna da safe. Don wurin kwance a nemi mai boris na ƙwallo ko irin da ake rubuta wa FDB. A wurin saye a juya ganyen da yatsa: ta juya sumul, ba karkarwa, kuma idan an ɗan ja ganyen gaba da baya kada a ji lako-lako.

Yadda aka jera su

An ajiye gilashin gaba gaba ɗaya. A madadinsa an sa rariyar nailan mai maganaɗisu a gefuna, wadda ke manne wa ƙarfen akwatin ta rufe fankoki uku, kuma ana ɗaga ta da hannu ɗaya. Tsakaninta da fankokin an ɗaura ragar waya, saboda yara na shigowa shagon tare da iyayensu masu karɓar bidiyo, kuma ganyen da ke juyi 1500 yana yanka yatsa. Mafita mafi tsafta ita ce sabon akwati mai raga a gaba, kuma wanda zai haɗa sabuwar kwamfuta a Accra ko Kumasi kada ma ya kalli mai gilashi a gaba, komai kyansa. Amma a nan sauran akwatin lafiya lau yake, ba dalilin jefar da shi.

Uku a gaba duka suna shigarwa. Don gane fuska: gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin fankar, inda takardar bayani take manne, nan iska ke fita. Gefen da ganye ke buɗe, nan take shiga. Yawancinsu suna da kibiya biyu ƙanana a jikin firam, ɗaya ta juyi ɗaya ta iska. Yanzu akwai masu juyayyen ganye da aka yi musamman don kwalliya, waɗanda ke saɓa wannan ƙa'ida, don haka bayan ɗaurawa a tabbatar da turare ko 'yar takarda. Sukuru huɗu ne kowace, masu cin roba da kansu. A ɗaura su a gicciye, kada a matse har firam ya lanƙwashe, in ba haka ba ganye zai riƙa goga.

Kowace cikin ukun da aikinta. Ta sama na ciyar da hitsink na firosesa. Ta tsakiya na tura iska ƙarƙashin katin hoto, inda fankokinsa ke shaƙa. Irin wannan kati ba ya fitar da zafinsa waje, cikin akwatin yake zubar da shi ta gefuna, shi ya sa rashin iska ya fi nunawa a kansa. Ta ƙasa rabinta na hura wa kejin faifai. Faifan biyu a manne suke, ɗaya kan ɗaya, sai aka matsar da guda aka bar gurbi tsakani don iska ta ratsa. Wayoyin da suka cunkushe a gaban kejin aka zagaya da su ta bayan madabod aka ɗaure.

A baya an bar fanka ɗaya tana fitarwa, daidai bayan hitsink, ta yadda fankar gaba da ta hitsink da ta baya suka zama layi ɗaya. A sama an cire biyu na gaba, aka toshe gurbinsu da farantin roba daga ciki, don kada iskar da aka sha wahalar shigarwa ta tsere ta nan, kuma kada ƙura ta zubo idan injin na kashe. Ta ƙarshe, wadda ke can baya saman hitsink, an gwada da ita da kuma babu ita. Bambancin bai wuce digiri ɗaya zuwa biyu ba, amma an bar ta a ƙaramin gudu saboda tana kwashe zafin da ke taruwa wajen sassan da ke ba firosesa wuta. Ana yawan cewa iska mai zafi sama take tashi, don haka dole a cika sama da fankoki. Gaskiya ne tana tashi, amma ƙarfin tashinta kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da fanka ko guda. A cikin akwati iska na bin inda aka tura ta ne.

Sakamakon jerin: uku na shigarwa, biyu na fitarwa, biyar ke nan maimakon bakwai. Abin da ake nema shi ne iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita, ta yadda ragowar za ta riƙa fita ta tsagogi maimakon ƙura ta shigo ta nan. Ƙidayar fankoki kaɗai ba ta tabbatar da haka, tunda na gaba suna fama da rariya na baya kuwa a sake suke. Turare aka sake kaiwa ramukan ƙarƙashin katin hoto. A karon farko hayaƙin ya tsaya yana rawa, bai shiga ba bai fita ba. Da aka rage gudun na fitarwa kaɗan sai ya kwanta waje.

Wayoyi da gudu

Tsofaffin fankokin duka a wani ɗan akwati mai rimot suke, wanda ke shan wuta kai tsaye daga fawa saflai. Launi ake canzawa da shi, amma madabod ba ta san da su ba: gudunsu ɗaya ko injin na hutawa ko yana tafasa. Sababbin da biyun da aka bari an kai su soket ɗin madabod. Fanka mai haƙori uku ana rage gudunta ta rage ƙarfin wuta ƙasa da bolt 12, kuma idan aka rage da yawa sai ta tsaya. Mai haƙori huɗu, wato PWM, wutarta na nan a 12, haƙori na huɗu ke gaya mata gudun da za ta yi, kuma tana iya sauka ƙasa sosai ba ta tsaya ba. Kowace na shiga soket ɗin ɗayar, amma sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, an gaya wa soket ɗin irin wadda ke kansa. A nan an yi wannan kuskure da farko: ta baya mai haƙori uku ce, soket ɗinta na kan PWM, sai ta yi ta gudu a ƙarshen ƙarfinta ba ta jin umarni, har aka mayar da shi DC, saitin masu haƙori uku.

Ukun gaba an jona su a soket ɗaya. Yawancin soket na ɗaukar amfiya 1, kuma kowace P12 kusan 0.1 take ja, don haka akwai sarari. Masu fitila da yawa suna jan ninki biyu ko uku na haka. A karanta takardar bayan kowace, a tara, a bar rata, domin lokacin tashi suna jan fiye da abin da aka rubuta. Idan an jona da yawa a soket ɗaya, gudun guda ɗaya kawai BIOS ke nunawa, saboda haka wata na iya mutuwa ba a sani ba, sai an riƙa leƙawa da ido. Wanda ya nace sai da fitila ya kula: soket ɗin fitila mai haƙori uku bolt 5 ne, mai huɗu bolt 12, kuma cusa ta 5 a na 12 yana ƙone fitilun nan take.

Tsarin gudun da madabod ke zuwa da shi an yi shi ne da tunanin ɗaki mai sanyi. A nan, inda firosesa ke zaune kusa da 50 ba ta komai, fankoki sai su yi ta tashi suna sauka duk lokacin da aka buɗe fayil, kuma wannan hawa da sauka ya fi ƙara mai ɗorewa damun kunne. An sa na gaba su tsaya a kashi 45 cikin ɗari har zuwa digiri 60, su hau 65 a digiri 72, su kai 85 a digiri 82, cikakken gudu sai a 88. Na fitarwa suna biye da su da ragin kusan kashi 10. An kuma sa jinkirin daƙiƙa uku zuwa biyar kafin su amsa, saboda zafin Ryzen yakan yi tsalle na ɗan lokaci ya dawo. Gibi ɗaya ya rage: BIOS ba ta ganin zafin katin hoto, don haka a aikin da kati kaɗai ke wahala fankokin akwati ba za su tashi ba. Manhajar FanControl, wadda kyauta ce, tana iya ɗaura su a kan wanda ya fi zafi tsakanin biyun, kuma ita aka sa.

Bayan gyara

Kafinta ya cire bayan gurbin teburin, amma duk da haka ba a mayar da akwatin ciki ba. An yi masa ɗan benci mai tsayin kusan santimita 40 daga ƙasa, nesa da ƙofa, da tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango. A ɗaki mai digiri 33, da bidiyon nan dai, katin hoto ya tsaya a 70, fankokinsa sun yi laushi. Faifan da ke 52 ya dawo 42. Firosesa ta tsaya wajen 84 tana jan cikakkiyar wutarta. Wannan lambar ba ta yi wa Alhaji daɗi ba, ya so ya ga 60 da wani abu. Amma 5800X haka take: ƙwayoyinta takwas a cunkushe suke a ɗan guntun wuri, zafin ba ya saurin ratsowa zuwa hitsink, kuma ƙarin fankar akwati ba zai taɓa wannan ba. An nuna masa zaɓin Eco a BIOS, wanda ke tsayar da ita kusa da wat 88. Da shi ta sauko cikin 70 da 'yan kai, bidiyon ya ƙara 'yan mintoci. Ya zaɓi a bar shi a kunne daga Fabrairu zuwa saukar damina.

Mako uku bayan haka zafi ya sake hawa da kusan digiri 6. Yaron shagon, da kyakkyawar niyya, ya ga ƙura na taruwa a rariyar gaba sai ya ƙara mata soso mai kauri daga ciki. Ƙurar da ake gani a rariya alama ce tana aikinta, soson kuwa ya mayar da akwatin halin da yake ciki lokacin gilashi. An cire, aka rubuta masa tsarin shara aka manna a bango. Rariyar gaba da ta ƙarƙashin fawa saflai a wanke su da ruwa da ɗan sabulu duk mako biyu daga Disamba zuwa Fabrairu, sauran shekara sau ɗaya a wata, kuma kada a mayar sai sun bushe ƙayau. Cikin akwatin duk wata uku: a kashe, a zare waya daga bango, a fitar da shi waje, a hura da bulowa daga ɗan nesa. A riƙe ganyen kowace fanka da yatsa lokacin hurawa, domin iskar bulowa na juya ta fiye da gudun da boris ɗinta zai jure. Danƙon da ke maƙale wa ganye a goge shi da buroshin fenti mai laushi, tunda nauyinsa a gefe ɗaya shi ke sa fanka karkarwa. Da yamma kuma, idan mai cicinga ya hura gawayi, a janyo ƙofar shagon.